Tambaya da Amsa: Baba yana tuna ginin Tiga, amma ya manta ya ci tuwon dare

TAMBAYA

Na rubuto ne a kan mahaifina. Shekarunsa sun doshi 80. Manomi ne, kuma ya daɗe yana sayen hatsi yana kaiwa kasuwa tsakanin Kibiya da Rano. A da ba ya rubuta bashi, a ka yake riƙe shi, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren ko kwabo ba. Yau kusan shekara biyu ke nan muna ganin canji. Zai tambaye ni ko an kai taki gona, in ba shi amsa, kafin in tashi daga wurin ya sake tambaya. Zai ci tuwo ya wanke hannu, can an jima ya ce an hana shi abinci. Da azumin bana ya fita sallar Asuba, masallacin da yake zuwa tun kafin a haife ni, sai wani mai babur ne ya dawo mana da shi daga hanyar Tarai. Kwanan nan kuma ya fara cewa matata tana sace masa kuɗi, alhali a ƙarƙashin buzunsa muke samun su. Abin da ya ɗaure mana kai, in aka ɗauko hirar da, zai ba ka labarin yadda aka gina dam ɗin Tiga da sunayen waɗanda suka tafi aikin daga garinmu, ba ya tsallake ko ɗaya.

Kan gidanmu ya rabu biyu. Yayyena sun ce gigin tsufa ne, kowa zai yi, a ƙyale shi. Gwaggona ta Rano, wadda ta girme shi da shekara uku kuma har yau ita ce uwar adashin unguwarsu, ta dage cewa jifa ne, tunda ita ba ta yi ba. Ni kuma tsoro ya kama ni, don shekarata 47 amma na fara manta sunayen mutane da inda na ajiye makulli. Shin wannan tsufa ne ko ciwo? Yana da magani? Ana gadonsa?

Daga wani mai karatu, Kibiya.

AMSA

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa hidimar da kuke yi masa a mizani.

Zan fara da Gwaggo, domin a cikinku ita ce ta fi kusa da gaskiya, ko da yake ban bi ta inda ta kai maganar ba. Ta lura da abin da ya wuce yayyenka. Ta girme shi, amma har yau tana sane da wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba, da wadda kwasa ta zo kanta. Da shekaru kaɗai ke jawo abin da ya samu Baba, da ita ya fara kamawa. Tsufa ba ya sa mutum ya ɓace tsakanin ƙofar gidansa da masallacin unguwa. Ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa ke yin haka, wanda likitoci ke kira dimenshiya, a rediyo kuma kake ji ana cewa cutar mantau. Shekaru suna ƙara haɗarinta, har ma daga shekara 65 zuwa sama haɗarin yana ninkawa kusan duk bayan shekara biyar. Duk da haka, ko a cikin waɗanda suka haura 85, waɗanda ba su da ita sun fi yawa. Ba a yanke wa mutum hukuncin ciwo daga takarda, sai likita ya gan shi ya duba shi. Amma abubuwan da ka lissafa sun ishe ni in ce maka kada ku ƙyale shi.

Tsufa yana da nasa rabon a kan tunani, wannan babu musu. Ƙwaƙwalwa tana rage sauri. Suna yakan kwanta wa dattijo, yana ganin fuskar mutum, ya san ɗan wane ne, ya san sana'arsa, amma sunan ya ƙi fita, sai bayan an rabu ya faɗo masa. Kaka takan jero sunayen jikoki huɗu kafin ta dace da na wanda ke gabanta. Haɗa abu biyu a lokaci ɗaya yana yin wuya: in ana yi masa magana yana ƙirgar kuɗi, sai ya koma farko. Sabon abu, kamar sarrafa waya, yana ɗaukarsa lokaci. Amma akwai abin da ba ya taɓuwa, wani ma ƙaruwa yake yi: sanin mutane da asalinsu, iya magana, sanin gona da damina, iya sasanta rigima. Shi ya sa ake kai wa dattawa ƙara, kuma shi ya sa Gwaggo ke riƙe da kuɗin mata.

Ka ɗauki ƙwaƙwalwa kamar rumbu. A tsufa na lafiya hatsi yana shiga, yana nan a ciki, ɗebowa ce take ɗaukar lokaci, shi ya sa in ka ɗan tuna wa tsoho sai ya ce af, haka ne fa. A irin ciwon da nake zargi a wurin Baba, bakin rumbun ne ya lalace. Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da ake kira hifokamfus, shi ne mashigar duk wani sabon abu, kuma shi cutar Alzheimer, ɗaya daga cikin nau'o'in cutar mantau, take fara ci. Amsar da ka ba shi a kan taki ba ta shiga ba sam, don haka ko ka tuna masa babu abin da zai ɗebo. Labarin Tiga kuwa tun zamanin Audu Bako ya shiga, a farkon shekarun 1970, ya kwanta a ƙasa, an maimaita shi a zaure sau ba adadi. Shi zai fi daɗewa. Mutane da yawa suna kafa hujja da wannan su ce ai ƙalau yake, ko su ce da gangan yake yi don ya wahalar da mutane. Ba haka ba ne. Riƙe na da tare da zubar da na yau yana cikin alamomin cutar da aka fi sani. In ta yi nisa, na dan ma daga sama take fara cinsa: jikoki su fara ɓacewa, sannan surukai, har a kai inda tsoho zai riƙa neman mahaifiyarsa. Tsohuwar da ta tashi da Fillanci ta koyi Hausa a gidan miji tana iya komawa Fillanci zalla.

To ina iyakar take? Ba a auna tsoho da saurayi, ba a kuma auna shi da maƙwabcinsa. Da kansa ake auna shi, yadda yake shekara biyar da suka wuce, a kan ayyukan da ya saba. Wanda bai taɓa iya lissafi ba, rashin iyawarsa yau ba labari ba ne. Amma ɗan kasuwar da ke riƙe bashin mutum ashirin a ka, yau ya kasa ba da canjin naira dubu, wannan magana ce. Kowa yana rafkanwa a salla, don haka aka koya mana ƙabli da ba'adi. Wanda ya sallaci Magariba sau uku a jere, ko ya tsaya a tsakiyar alwala bai san abin da ke biye ba, ya wuce rafkanwa. Manta inda aka ajiye makulli na kowa ne. Riƙe makulli a hannu ana juya shi ba a san amfaninsa ba, na ciwo ne. Akwai kuma wata alama da nake ba muhimmanci: mai mantuwar tsufa shi ke kuka da mantuwarsa, mai cutar mantau kuwa sau da yawa iyalinsa ne ke kuka, shi yana cewa lafiyarsa lau.

Ba dare ɗaya ake tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba. A cutar Alzheimer, lalacewar tana farawa a ɓoye shekara 15 zuwa 20 kafin kowa ya ga alama. Daga nan sai a shiga wani hali na tsaka-tsaki, inda mantuwa ta fi ta sa'o'insa amma yana iya tafiyar da harkokinsa da 'yan dabaru: ya sa yaro ya riƙa tuna masa, ya daina tafiya kasuwa mai nisa, ya rage magana a taro don kada a gane. Cikin mutum 100 da likitoci suka samu a wannan hali, kimanin 10 zuwa 15 ne ke shiga cikakkiyar cutar a kowace shekara. Wasu suna tsayawa a nan, wasu ma suna dawowa daidai in an gano abin da ya jawo. Ina kyautata zaton in kuka zauna kuka yi tunani, za ku tuna cewa Baba ya fara janye jiki daga harkar hatsi tun kafin shekara biyun da ka ambata.

Maganar satar kuɗi kuwa tsohuwa ce kamar sunan cutar. A 1901 aka kai wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibiti a birnin Frankfurt na Jamus. Tana ɓoye kayan gida, tana zargin mijinta, tana ɓacewa a cikin gidanta. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Da ta rasu a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta, ya ga wasu dunƙule-dunƙule sun taru a tsakanin ƙwayoyinta da wasu zare-zare sun cukurkuɗe a cikinsu. Har yau waɗannan biyun ne shaidar cutar. Ka duba yadda abin yake a wurin Baba: ya ajiye kuɗi da hannunsa, ajiyewar ba ta shiga ba, ya duba aljihu babu. A saninsa shi mutum ne da ba ya mantuwa. Me ya rage? Wani ya ɗauka. Wa ya fi shiga ɗakinsa? Mai kawo masa abinci da mai share masa ɗaki. Saboda haka zargi kusan kullum a kan wanda ya fi kowa hidima yake faɗawa.

Alzheimer ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu cutar mantau, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, amma ba ita kaɗai ba ce. Wadda ta fi damuna a ƙasarmu ita ce ta hanyoyin jini, wadda hawan jini da ciwon suga ke jawowa. Ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna toshewa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci bayan shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci ba tare da an ga komai ba. Ita tafiyarta hawa-hawa ce: a yi wata shida yana yadda yake, rana ɗaya a ga ya ƙara sauka. Akwai wata mai sa mutum ya riƙa ganin yara ko dabbobi a ɗaki alhali babu kowa, yau ya waye ras gobe ya rikice, tafiyarsa ta yi nauyi. Akwai kuma mai kama goshin ƙwaƙwalwa, tun mutum yana da shekara hamsin da wani abu, ta fara cire masa kunya kafin ta taɓa tunani, ka ga mutumin kirki ya koma zagi da abin da bai dace ba. Da yawa daga cikin masu cutar mantau sun fi rikicewa da almuru, idan haske ya fara ja baya ga gajiyar yini. Wanda ya ga tsoho yana magana da waɗanda ba a gani daidai Magariba, ko ya kama hanya ya bar gari, ba abin mamaki ba ne ya ce aljanu ne ko kurciya aka yi masa.

Ba zan ce wa Gwaggo ta daina addu'a ba, ku ma ku ƙara. Alƙur'ani ya ambaci wannan hali na gushewar sani a ƙarshen rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, kuma a cikin bayanin yadda Allah ya tsara rayuwar ɗan Adam ya zo. Abin da nake tsoro a maganar jifa shi ne sai an nemo wanda ya yi jifan. Daga nan ake nuna kishiya, ko suruka, ko abokin gābar gona, zumunci ya lalace a kan abin da ba wanda ya aikata. Daga nan ake sayar da akuya a kai wa boka, ake turara wa tsoho hayaƙi a rufaffen ɗaki. Idan tsohuwa ce ba ta da gata, ta fita da dare tana sambatu, har mayya ake ce mata. Wannan zalunci ne a kan mara lafiya.

Kada kuma wani ya ce muku ciwon Turawa ne. A 2021 mutum miliyan 57 ke ɗauke da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A nan gida, tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, irin su Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da na Indianapolis a Amurka suna bin tsofaffi shekara da shekaru. Sun samu kashi 2.29 cikin 100 na waɗanda suka kai 65 a Ibadan suna da cutar, baƙaƙen fatar Indianapolis kuwa kashi 8.24. Wani bincike da aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya samu kashi 2.79. Wato a cikin tsofaffi 100 na ƙasar Hausa, kusan uku. Ka ƙirga tsofaffin Kibiya da Tarai da Rurum da cikin garin Rano, za ka gane ba gidanku kaɗai ba ne, sauran sun yi shiru ne. Wannan tazara tsakanin Ibadan da Indianapolis kuma tana nuna cewa yanayin rayuwa da lafiyar jijiyoyin jini suna da hannu a ciki, zan dawo kan wannan idan na zo kanka.

Babban dalilin da ya sa na dage a kai shi asibiti shi ne akwai abubuwa da dama masu kama da cutar mantau waɗanda ake warkewa daga gare su. Ƙarancin sinadarin B12 a jiki, wanda yakan samu tsofaffi da waɗanda suka daɗe suna shan maganin suga na metformin. Raunin maƙoƙon wuya da ake kira tayirod. Ciwon damuwa, musamman bayan rasuwar mata ko aboki, wanda ke sa tsoho ya yi shiru ya daina kula da komai. Taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa a banɗaki ko daga kan babur, wadda takan ɗauki makonni kafin ta nuna kanta. Rashin ji, domin wanda bai ji magana ba ba zai tuna ta ba. Sai magungunan kemis: na mura irin su Piriton da na barci irin su Valium suna dagula tunanin tsoho ƙwarai. Ko da cutar mantau ce ta gaske, gyara waɗannan yana sauƙaƙa ta.

Ka riƙe wannan daban: duk ranar da Baba ya rikice farat ɗaya, cikin yini ɗaya ko biyu ya fi yadda kuka saba, ko barci ya yi masa yawa, kada ku ce ciwon ne ya ƙaru. Ku nemi zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙishirwa ko faɗuwar suga, ku kai shi asibiti a ranar.

Ku fara da Babban Asibitin Rano, a auna jininsa da suga, a duba ido da kunne, a yi gwajin jini. Ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai likitocin jijiya da na ƙwaƙwalwa da na'urar ɗaukar hoton kai, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Na san sunan Dawanau yana sa mutane su ja da baya, amma a can masana wannan ciwo suke, kuma dubawa za a yi ku dawo gida. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, ku tafi da su. Wanda ya fi zama da shi ya bi ku, ko da matarka ce, domin rabin binciken daga bakin mai jinya ake samunsa. Kada rashin karatun boko ya dame ku. Akwai gwaje-gwajen da aka tsara don waɗanda ba su yi makaranta ba, ciki har da wanda likitocin Ibadan suka fito da shi, inda ake jera tsinken ashana huɗu a ce mutum ya kwaikwaya.

Game da magani, gaskiya ita ce har yau babu mai warkar da Alzheimer. Akwai donepezil da memantine, waɗanda kan ɗan farfaɗo da tunani ko su rage rikicewa na wani lokaci a wurin wasu, likita ne kuma zai ce ko sun dace, don na farkon yana iya rage bugun zuciya. Sababbin da aka amince da su a Amurka a 2023 da 2024 ta allura ake ba da su, a farkon ciwo kawai suke aiki, rage saurinsa suke yi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, kuɗin shekara ɗaya kuma, lokacin da suka fito, ya haura dala 26,000. Duk mai lasifika a kasuwa da ya ce yana da maganin mantuwa na sati biyu, kuɗinku yake so. Kada kuma ku sayo masa maganin sa barci ko na kwantar da masu taɓin hankali da kanku, domin ga mai irin ciwon nan na gane-gane suna iya zama haɗari babba. Ciwon yana tafiya a hankali, galibi shekara huɗu zuwa takwas bayan an gano shi, wasu har ashirin. Ku shirya wa doguwar jinya.

Mafi yawan abin da zai sauƙaƙa wa Baba a gida yake, kuma tunda shi ba zai iya canzawa ba, ku ne za ku canza. Ku daina musu da shi. In ya ce an sace kuɗi, kada a ce ƙarya ne, a ce bari mu duba tare, a ɗaga buzun a bar shi ya gani da idonsa. Ku bar masa 'yan canji a aljihu, manyan kuɗi su koma hannun wanda kuka amince da shi. In ya ce bai ci abinci ba, ɗan kunu ko dabino ya fi dogon bayani. In ya tambayi ɗan'uwansa da ya rasu, kada a riƙa yi masa sabuwar sanarwar mutuwa kullum, domin kowane karo kamar yau ya ji. A ce ba ya nan, Baba ba mu labarinsa. Ku daina yi masa jarrabawa a gaban baƙi, wane ne wannan, ka gane ni? Mai shigowa ya faɗi sunansa da kansa. Ko ya manta abin da aka ce masa, zafin kunyatawar yana zama a ransa har dare.

Ku bar shi a ɗakinsa da ya sani, da buzunsa da butarsa a inda suke. Ɗauke shi zuwa Kano wurin wani ɗa don a huta yakan ƙara rikita shi. A kunna masa fitila tun kafin Magariba, a rage hayaniyar yara a lokacin. A rufe rijiya, a ɗauke maganin feshi da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai. A ɗinka lambar wayarka a cikin rigarsa. Ka je da kanka ka gaya wa mai unguwa da liman da masu shago da 'yan acaɓa halin da ake ciki. Ɓoyewa ba ta rufa masa asiri, gara gari ya sani ya taya ku tsaro, musamman da damina idan dawa ta rufe hanya, kududdufai suka cika. Kada a kulle shi, kada a ɗaure shi. A haɗa shi da jika ya raka shi masallaci da bakin gona, a ba shi gyaɗa ya ɓare, a zauna a yi karatu tare da shi, domin surorin da ya haddace tun yana makarantar allo suna cikin abin da zai daɗe da shi.

Ku tambayi malaminku hukuncin azumi da salla ga wanda hankalinsa ya fara gushewa, za ku samu sauƙi a shari'a, ƙishirwar azumi kuma tana ƙara masa ruɗewa. Haka nan in ya furta saki ko ya ce ya ba wani gona, kada a yi gaggawa, a kai wa malami ko alƙali tare da takardar likita. Tun yanzu da sauran wayewa a tare da shi, ku tara 'yan'uwa da shaidu a rubuta gonaki da bashin da yake bi da wanda ake binsa.

Sai matarka. Yayyenka suna cewa a ƙyale shi, amma ba su ne ake kira ɓarayi ba. Ka tara su ka wanke ta a gabansu, da bakinka, Gwaggo ma ta ji. Sannan a raba jinyar: wane ya ɗauki dare biyu, wance ta zo ranar Juma'a, na birni ya ɗauki kuɗin magani da na mota. Nan gaba za a kai lokacin wanka da kai shi banɗaki, wannan kuwa aikin 'ya'yansa maza ne, don mutuncinsa da nata. Mai jinyar da ba ta barci ita ma ciwo take tarawa, kuma haƙurinta yana da iyaka kamar na kowa.

Yanzu kai. Manta suna da makulli a shekara 47, ga mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda mahaifinsa, ga noma ga iyali, ya fi kama da rashin barci da yawan tunani. Abin da hankali bai tsaya a kansa ba ba ya zama. Irin Alzheimer da ake gada kai tsaye daga uba zuwa ɗa bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba, kuma tun mutum yana da shekara arba'in ko hamsin yake bayyana, ba a kusa da 80 ba. Samun mahaifi mai ciwon yana ɗan ƙara haɗari, amma yawancin 'ya'yan masu shi ba sa yi.

Kuma kana daidai shekarun da abin da ka yi zai yi tasiri. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, kitse a jini, ƙiba, taba, rashin motsa jiki, rashin ji, raunin gani irin na yanar ido, buguwa a ka, damuwa, kaɗaici da shaƙar hayaƙi. A ƙauyuka 326 na ƙasar Sin an sa ma'aikatan lafiya na karkara, waɗanda ba likitoci ba, su riƙa auna jinin mutane kusan 34,000 suna ba su magani. Bayan shekara huɗu, kamar yadda aka bayyana a 2025, cutar mantau ta ragu da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan da aka matsa wa hawan jini lamba. Wannan aiki ne da ƙaramin asibitin mazaɓa zai iya, a ƙasar da kusan babba ɗaya cikin uku ke da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. Ka sa hular kwano in za ka hau babur, ka rage gishiri da dunƙulen miya, in kana shan taba ka bari. Ranar da kuka kai Baba Rano, kai ma ka miƙa hannu a auna ka, a duba sugarka. In jinin ya kai 140 bisa 90 a awo biyu na ranaku daban-daban, ka fara magani, kuma kada ka ajiye shi don ka ji ƙalau, sai likita ya ce.